Kwanon Tae-bong a Lungun Ɗumi

Jechon, farkon Oktoba, 1981

Zuwa ga ƙanena Tae-bong,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya zafin ƙasar Larabawa? Mu nan duk lafiya lau. Surukinka yana nan yana shaƙar ƙura a ma'aikatar siminti, yara kuma sun koma makaranta, kunnena ya huta. Hoton da ka aiko ya iso. Kai, wannan baƙi da ka yi! Inna ta juya hoton ta sake juyawa, ta ce ba ɗanta ba ne, sai da na nuna mata faka-fakan kunnuwan nan naka sannan ta yarda.

Ranar Lahadi na hau mota na je Solti na dubo ta. Kabejinta ya yi kyau, kanyar bayan gida ma ta yi 'ya'ya har rassa na neman karyewa. Ta ce za ta shanya maka ka zo ka tarar. Ni kuwa da na tsinki biyu sai da ta harare ni. Auta ɗan lele ke nan, kana can bayan teku ana yi maka ajiya, mu da ke kusa sai kallo.

Akwai wani ɗan abu, ban ma so in rubuta ba, amma ka ce kada in riƙa ɓoye maka komai. Tun da sanyin safiya ya fara ta soma hura wutar da ke ɗumama daɓen ɗaki ta ƙasa. To, ta ce kwana biyun nan takan tashi da ciwon kai, kamar an ɗaure mata goshi da igiya. Rannan ma da ta miƙe za ta fita jiri ya kwashe ta, sai da ta dafa ƙofa. Maman Chil-su maƙwabciyarta ta ba ta ruwan dongchimi mai sanyi, tsimin kayan lambun nan, ta sha, ta zauna a tsakar gida ta sha iska, shi ke nan abin ya wuce. Ita dai ta ce tsufa ne. Ni ma ina ga hakan ne, ko kuwa wahalar gona.

Ga abin dariya kuma, Baƙa kyanwarta ta yi mata yaji. Kyanwar da ko da tsintsiya ba ka raba ta da bargon Inna, yanzu ta koma kwana a rumfar itace. Inna sai zaginta take yi, wai butulu ce.

Ka riƙa cin abinci da kyau, kada ka ce sai ka tara duniya. Yara suna tambayar rediyon da ka yi musu alkawari.

Yayarka,
Sun-dok

Jubail, ƙarshen Oktoba

Yaya Sun-dok,

Ina gaishe ki, ina gaida surukina da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta wasiƙarki gabana yake faɗuwa.

Haba Yaya, wane irin tsufa? Ke da kike cikin gari, kowace shekara kina jin labarin waɗanda iskar kwal ta kashe a kan shimfiɗarsu! Ciwon kai da safe, jiri, in an sha iska ya wuce, har kyanwa ta gudu daga ɗaki, me ya rage kuma? Daɓen ɗakin nan ya tsage.

Duwatsun da Baba ya shimfiɗa a ƙarƙashin ɗakin don wutar itace ya yi su. Hayaƙin itace yana da wari, yana sa ido hawaye, in ya ɓullo ta wani wuri mutum zai tashi ya buɗe ƙofa. Tun da hukuma ta hana saran itace aka mayar da murhun na curin kwal, abin da ke bi ta ƙarƙashin Inna ba shi da wari, ba shi da launi. Kafin in zo nan na shiga ɗakunan da aka fitar da gawa, aka kira mu mu fasa daɓe. Wata tsagar ba ta fi silin gashi ba.

Don Allah ki ajiye duk abin da kike yi ki nemo Baba Yom, ubangidana da ya koya mini aiki. Shagonsa na bayan kasuwa, layin masu sayar da ƙarafa. Ki ce ni na aiko ki. Ya fasa daɓen, ya cike hanyoyin hayaƙin da ƙasa, ya shimfiɗa bututun ruwa ya rufe da siminti, ya kafa tukunyar dumama ruwa a kicin. Kwal zai ci a can waje, hayaƙinsa ya tafi sama, ruwan zafi kaɗai zai shiga ƙarƙashin ɗaki, irin na gidajen ma'aikatarku. Kada ki damu da abin da aikin zai ci, wannan nawa ne.

Kafin nan, ki huda takardar da aka manne ƙofar ɗakin da ita, ta sama, ki ce mata kada ta liƙe. Ranar da gari ya yi lumshi babu iska, ta je ta kwana gidan Maman Chil-su, don a irin ranar hayaƙi ba ya tashi, komowa yake yi. Ki ba ni amsa da wuri. Wasiƙa tana daɗewa a hanya, sanyi kuwa ba ya jiran mai kawo wasiƙa.

Ƙanenki,
Tae-bong

Jechon, tsakiyar Nuwamba

Tae-bong,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, Inna ma da sauƙi, amma ni kam ka raba ni da kwanciyar hankali.

Na nemo Baba Yom. Ya ƙara tsufa, bakin dai yana nan yadda ka san shi. Ya ce in gaida ɗan banzan yaron da ya gudu ya bar shi da buhunan siminti. Muka hau mota tare zuwa Solti. Ya sa aka rufe ƙofa da taga, ya cusa ɗanyen ganye da jiƙaƙƙen bambaro a murhu ya kunna, ya hau ya toshe bakin bututun hayaƙi da tsumma, sannan ya ce in leƙa ɗakin. Tae-bong, hayaƙi ne ke tsattsafowa ta gindin bango, ta ƙarƙashin akwatin kaya, siriri kamar zare. Inda ya fi fitowa kuwa shi ne lungun ɗumi, jikin bangon kicin, daidai inda take ɗora kanta.

Baba Yom ya cire hula ya ce, "Uwargida, wannan ɗaki ba na kwana ba ne. Ki ba ni 'yan kwanaki in ba ki sabo."

Inna ta ce, "Mijina ne ya ɗauko duwatsun nan a bayansa daga rafi."

Ya ce, "Na ga hannunsa, aikin kirki ya yi. Amma dutse ma yana gajiya."

Ta ce, "Kai ne dai ka gaji, tsoho. Sha ruwan sha'ir ka kama hanya."

Ta shige ɗakin ta zauna daram cikin hayaƙin nan tana tari, ta ce duk mai fasa daɓen nan sai dai ya fara da ita. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ko gezau.

Ni na ɗauka duwatsun Baba take wa wannan kafewa. Sai da yamma muna wanke kabeji ta buɗe baki. Ta ce, "Ai na kwana a gidanki. Wannan ɗakin naku na bututu ba shi da kai ba shi da gindi, ko'ina ɗumi-ɗumi kamar ruwan wankan jariri. In aka yi mini irinsa, ina zan sa abincin yaron nan?"

Ka gane ko? Kwanonka na tagulla mai murfi. Ashe tun ranar da ka hau jirgi, kullum in ta dafa shinkafa naka take fara zubawa, ta rufe, ta tura shi ƙarƙashin bargo a lungun ɗumi. Washegari ta cinye ta zuba sabo. Na san ta yi haka a farkon tafiyarka, ban san har yau tana yi ba. Ta ce muddin kwanon yana da zafi ba za ka zauna da yunwa a ƙasar mutane ba, kuma ƙafarka za ta gane hanyar gida. Na ce, "Inna, a can fa ko ruwan tulu tafasa yake yi." Ta ce in rufe mata baki.

Baba Yom ya shafe tsagogin da laka ya liƙa takarda a kai, amma ya ce maganin kwana biyu ne, da zarar ƙasa ta daskare za su sake buɗewa. Na huda takardar ƙofa yadda ka ce. Ina da tabbacin kafin mu kai tasha ta liƙe abinta.

Na roƙe ta ta zo gidana ta yi sanyin bana, ta ce ita ba 'yar gudun hijira ba ce. To, ka faɗa mini abin yi. Maganarka take ji, tawa kuwa ta bayan kunne take bi.

Sun-dok

Jubail, ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka. Ina lafiya, amma raina a ɓace yake, ki yi haƙuri da yadda wasiƙar nan za ta fito.

Wato saboda kwanon shinkafa za ta kashe kanta? Ni ina nan ana dafa mana abinci sau uku, har nama muke ture wa gefe, ita tana can tana shaƙar guba don kada in ji yunwa! Na zo nan ina haƙa rami cikin rana don ta huta, ashe ni ne dalilin da za ta kwanta ba ta tashi ba. Wannan wane irin abu ne?

Ki koma Solti ranar hutun nan, ki zaunar da ita, ki karanta mata wannan yadda na rubuta, kada ki rage ko kalma ɗaya:

Inna, ni ne Tae-bong. Ki ɗauke kwanon nan. Ba na bukatarsa. Ki wanke shi ki kife, kada ki ƙara zuba mini abinci. Ki bar Baba Yom ya yi aikinsa.

In ta ji daga bakina za ta haƙura. Ke kuma ki daina biye mata, kin cika sanyin hali in ta fara hawaye. Ki sa a sauke bututu da yashi a ƙofar gida tun kafin ta sake shawara. In ba haka ba, na rantse zan ajiye aikin nan in hau jirgi, kamfani ya yi duk abin da zai yi.

Tae-bong

Jubail, tsakiyar Disamba

Yaya Sun-dok,

Ina gaishe ki. Lafiya kuwa? Motar wasiƙu ta zo ta sake zuwa, kowa a ɗakinmu ya samu tasa, ni shiru. Mai rabawa har ya daina kallon inda nake.

In faɗan da na yi ne ya ɓata miki rai, ki yafe ni, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne. Wani mutumin Wonju da muke aiki tare matarsa ta rubuto masa cewa dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin wajenmu. A tsohuwar jaridar da ta zo kantin cin abinci kuma na ga labarin wata tsohuwa da jikarta da aka tarar da safe, ba a faɗi sunan ƙauyen ba. Na san Inna ba ta da jika a gida, amma na karanta shafin nan har ya yage a hannuna.

Na bi layin waya a ofis ranar Juma'a, aka nemi gidan mai unguwar Solti, layi ya ƙi shiga. Jiya na haɗa bututu a karkace, shugaban aiki ya tambaye ni ko giya na sha, a ƙasar da ko ƙamshinta babu.

An yi aikin? Ta yarda? A wane ɗaki take kwana yanzu? Yaya, ko mene ne ki faɗa mini, shirun nan ya fi komai muni.

Ƙanenki,
Tae-bong

Jechon, ƙarshen Disamba

Tae-bong,

Inna tana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran. Ga ta nan kusa da ni tana barci. Wasiƙarka ta ƙarshe jiya ta iso. Ba fushi ya hana ni rubutu ba, a asibiti nake kwana.

Na karanta mata saƙonka yadda ka ce, ban rage komai ba. Da na kai wajen "ki wanke shi ki kife", sai ta ajiye cokali ta zuba mini ido. Ta ce, "Me ya same shi?" Na ce lafiyarka ƙalau. Ta ce, "Ƙarya kike yi. Mai dawowa ba ya cewa a kife kwanonsa."

Kai ba a haife ka ba lokacin, ni kuwa ina 'yar ƙarama amma na tuna. Da yaƙi ya zo aka kwashe Baba ya yi wa soja dako, shekara ta zagayo ta sake zagayowa ba labari. Dangi suka ce a yi masa makoki. Inna ta ƙi, kullum sai ta zuba masa ko da sha'ir ne ta tura ƙarƙashin bargo. Ranar da yunwa ta sa na kai hannu, sai da ta bar mini shatin yatsu a kumatu. Rannan da la'asar wani ramammen mutum ya shigo tsakar gida, bai yi wa kowa magana ba, ya wuce ɗaki, ya ɗaga bargo, ya zauna ya cinye. Baba ne. A Solti ba a kife kwanon mutum sai an fid da rai da shi. Na san wannan sarai, bai kamata in karanta mata ba. Gajiya ce ta sa, na ce ko taka za ta ji.

Daga ranar ta sa a ranta cewa wani abu ya same ka muna ɓoye mata. Maimakon ta rage wuta sai ta ƙara. Ta liƙe duk wata kafa a ɗakin don kwanon ya fi zafi. Sai aka wayi gari da lumshi, dusar ƙanƙara ta sauka, irin ranar da ka faɗa. Da hantsi Maman Chil-su ta leƙo ta katanga ta ga tsakar gidan Inna fari fat, babu sawun ƙafa ko ɗaya, matar da ke riga kaji tashi. Ta ƙwala kira, shiru. Ta fasa ƙofa ta jawo ta waje, ta ɗura mata ruwan dongchimi ya dawo ta gefen baki. A bayan 'yar taraktar Chil-su aka kai ta bakin titi, daga nan aka samu mota. A asibiti suka sa ta cikin wani tulun ƙarfe na iska. Ina tsaye a waje ina leƙenta ta ɗan gilashi, ban san ina da hawaye masu yawa haka ba.

Sai washegari ta buɗe ido. Ka san abin da ta fara cewa? Ba ta tambayi inda take ba, ba ta kira sunana ba. Cewa ta yi, "Kwanon fa?"

Yanzu tana gidana. Hannunta na dama yana rawa, wani lokaci kalma takan ɓace mata. Likita ya ce in aka kuma, ba za ta dawo ba. Na sa an kawo kwanon, tana zuba maka kullum, amma daɓen gidana ba ya riƙe shi da zafi yadda take so. Sai ta naɗe shi da zane ta rungume a cikinta ta zauna, ko bayi za ta sai ta ba ni in riƙe mata. Kuma ta ce kafin Sabuwar Shekararmu ta lissafin wata za ta koma Solti ta shirya wa marigayi Baba teburin abincin tunawa da shi a ɗakinsa, ko da ƙafa ne. Ta ce ba wanda zai taɓa mata daɓe. Ka dai san ta, in ta ce za ta tafi sai dai in ɗaure ta, ni kuwa ba zan ɗaure uwata ba.

Tsugune ba ta ƙare ba, Tae-bong. Abin da ya rage bai kai wata ba, ni dabara ta ƙare mini. Tsoro nake ji.

Sun-dok

Jubail, farkon Janairu, 1982

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gode miki, ban san da bakin da zan gode wa Maman Chil-su ba. Na karanta wasiƙarki a bayan tarin bututu don kada a ga fuskata. Bakina ne ya jawo, ba karatunki ba. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, bari in yi abin da zan iya.

Wannan wasiƙa ba ta gidan waya za ta zo ba. Wani abokin aikina zai tashi gida gobe, zai kawo miki ita da hannunsa. Akwai zane a bayan takardar, ki kai wa Baba Yom a ranar.

Shekara da shekaru yana dukan ƙeyata in wani gefen daɓe ya fi wani ɗumi, har na sa a raina cewa ɗakin bututu dole ya zama bai ɗaya. Yau ina jera bututu sai na ce, wa ya ce dole? Inna ba bututu take ƙi ba, lungun ɗuminta take so. To a yi mata.

Ki ce masa ruwan zafi in ya fito daga tukunya ya fara shiga ta jikin bangon kicin, inda lungun yake tun asali. A nan kada ya ba bututun tazarar taki ɗaya yadda aka saba, ya matse shi, yatsa uku tsakani, ya naɗa shi kamar gammo. Daga nan ya riƙa buɗawa har ya kai bakin ƙofa. Babban falalen dutsen da Baba ya sa a lungun kada a fasa shi, a ɗaga shi a hankali, a mayar da shi a kan naɗin bututun, shi zai riƙe zafi har safe. Sauran ramukan a cike su da ƙasa a danne, kada a bar ko kafar ɓera. Kafin ya zuba siminti ya cika bututun da ruwa ya bar shi ya kwana, ki duba kowace mahaɗa da idonki, in kin ga ko digo ɗaya kada ki yarda a rufe. Zai yi tsaki, zai zage ni, ki ƙyale shi.

Wannan kuma ki karanta wa Inna:

Inna, ɗanki ne Tae-bong. Lafiyata ƙalau, ga hotona riƙe da jaridar wannan mako, Yaya za ta karanta miki kwanan watan. Waccan magana da na yi wauta ce ta yaro, ki yafe ni. Kada ki kife kwanona. Amma Inna, kwanan nan abincin yana iso mini da sanyi. Tsohon daɓen ya gaji, gidan Yaya kuma kin ga yadda yake. Na aiko Baba Yom ya gyara lungun don ya fi da zafi, dutsen Baba yana nan a wurinsa. Ki bar shi ya yi, ina son in dawo in ɗaga bargo in tarar da shi yana tururi, ke kuma kina zaune a gefe kina yi mini faɗa.

Yaya, in ta ƙi wannan ma, ki buga mini tangaraho, zan taho.

Tae-bong

Solti, farkon Fabrairu

Zuwa ga auta mai manyan kunnuwa,

Barka da Sabuwar Shekara. Muna lafiya, kuma wannan karon ba faɗar baki ba ce. Daga ɗakin Inna nake rubuto maka, zaune a kan sabon daɓe.

Da na karanta mata saƙonka sai ta karɓi hoton ta kai shi bakin taga. Can ta ce, "Ai na sani. Na faɗa miki ɗakin nan naki ba ya riƙe abinci." Wato laifin ya dawo kaina ke nan. Na haɗiye, na ce haka ne.

Baba Yom kuwa da ya ga zanen sai ya riƙe haɓa. Ya ce, "Duk rayuwata ina gyara kuskuren mutane, yau ga kuskure an zano mini shi daga ƙasar waje, har da jirgin sama!" Ya ce in abokan sana'a suka ji zai rasa inda zai sa kansa. Amma da gari ya waye shi ya riga ni zuwa tasha. Dutsen Baba shi da Chil-su suka ɗaga, bai bar kowa ya kusance shi da guduma ba. Da suka ɗaga na ga ƙarƙashinsa, baƙi ƙirin, lakar da ke riƙe da shi duk ta zama gari. Na fita waje na zauna a kan turmi. Na duba mahaɗun nan ɗaya bayan ɗaya yadda ka ce, yana tsaye a kaina yana cewa ga sabuwar injiniya. Saboda sanyi siminti ya ƙi bushewa da wuri, ya yi ta ba shi wuta kaɗan-kaɗan, Inna kuma a gidana ta ɗaure kayanta tana zaune a kai. Ana jibi Sabuwar Shekara aka liƙa sabuwar takarda a kan daɓen.

Da muka iso ba ta kalli tukunyar da ke kicin ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta cire safa, ta shiga da tafin ƙafa. Tana takawa a hankali, fuskar nan a murtuke, ni da Baba Yom muna bayanta ba mai ko tari. Tsakiyar ɗaki ta ce, "Hm." Ta ƙara gaba. Da ta kai lungun sai ta ɗage ƙafa da sauri, ta sake saukewa. Ta durƙusa ta shafa wurin da tafin hannu, ta daɗe a haka. Sannan ta kwance zanen da ke cikinta, ta fito da kwanonka, ta ajiye, ta ja bargo ta rufe.

Baba Yom ya ce, "Uwargida, yaya?"

Ta ce, "Na mijina ya fi. Amma zauna ka ci abinci."

Na kwana tare da ita har aka gama hidimar Baba. Kowace safiya nakan tashi in girgiza kaina in ji ko akwai ciwo, babu komai. Ranar da gari ya yi lumshi ma na fita na tsaya ina kallon hayaƙi yana fita ta can bayan kicin, nesa da ɗakin. Shekaranjiya kuma sai ga Baƙa ta turo ƙofa ta shigo, ta shinshina kusurwa huɗu, ta hau kan bargo ta naɗe. Inna ta zage ta tas, amma ba ta kore ta ba. Ni kam ganin kyanwar nan ya fi mini maganar likita.

Yau zan koma Jechon. Ɗazu na ɗaga bargon zan kakkaɓe, sai na ga kwano biyu. Na ce, "Inna, wannan ɗayan fa na wa?" Ba ta ko juyo ba, ta ce, "Naki. Tsohon nan ya yi wurin da faɗi, ke ma ai tafiya za ki yi." Shekarata talatin da huɗu, Tae-bong, na tsaya riƙe da bargo ina kuka kamar yarinya, tana ce mini in daina jiƙa mata sabuwar takarda.

Hannun nata har yanzu yana ɗan rawa, amma tana iya riƙe ludayi. Busasshiyar kanyarka tana rataye, na ci uku, ka zo ka kai ni ƙara. Na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce in rubuta maka haka, kada in ƙara kada in rage:

"Abincinka yana nan da zafinsa. Ka zo ka ci."

Yayarka,
Sun-dok